Tuwon Acca a Bayan Labule

Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin nan, zan ba ku na ranar da har gobe ba ta fita a raina ba, ranar ban kwanan Baba Yohanna. A watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, a shekarar da aka ɗauke ni daga kan tukwane aka mai da ni mai tsara taro a kamfaninmu na nan Fagge. Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, muna ba da hayar rumfuna da kujeru da kuloli, muna kuma yin girki. Manaja ne ke karɓar aiki, mai tsara taro ta je ta ga wurin ta zaɓi kaya da abinci, sannan masu kafa rumfa da masu girki su bi abin da ta ce. In taro ya yi kyau a yabi kamfani, in ya ɓaci a ce ina Uwani.

Baba Yohanna tsohon hedimasta ne, mutumin kudancin Zariya, amma a Sabon Gari ya yi kusan duk rayuwarsa. Da ya yi ritaya gwiwa ta fara damunsa, sai ya yanke shawarar komawa garinsu shi da matarsa, Mama Saratu. 'Yarsu Rifkatu, ma'aikaciyar jinya, ita ta zo ofis ta ce tana so a yi masa taron ban kwana da yamma a filin ƙofar gidansu.

Na je na ga wurin. Fili ne mai faɗi, darbejiya ɗaya ce a jikin katanga, sauran duk rana. Anti Rifkatu ta nuna mini wata rumfar leda a wayarta, irin wadda ake hango sama ta cikinta. Na ce, "Anti, a bazarar Kano wannan gasa baƙi za ta yi." Ta yi dariya ta ce ta bar mini. Na zaɓi dogayen rumfuna farare masu kauri, da kujerun roba, don na ƙarfe in suka sha rana ba mai iya zama a kai. Na sa fankoki masu tsayuwa, janareta kuma a can bayan gida don kada ƙararsa ta cinye jawabi. A abinci na soke haɗin kabeji da mayonis, don kafin a gama addu'ar buɗe taro zai yi tsami. Muka tsaya a kan dafa-duka, da tsire wanda za a gasa a wurin, da kankana, da zoɓo da kunun aya a cikin ƙanƙara.

Ina shirin tafiya sai Baba Yohanna ya yafito ni gefe.

"Malama Uwani," ya ce, "duk wannan na yara ne. Ni abu ɗaya nake so."

Ya ba ni labarin amininsa Alhaji Modu, Babarbare mai sayar da atamfa a wajen Bata, kusa da kasuwar Sabon Gari, mazaunin unguwar Kwaciri. Baba ne ya koyar da 'ya'yansa duka a firamare, daga nan suka ƙulla abota. "Na ci abincin gidansa ba iyaka," in ji Baba. "Shi kuwa bai taɓa sa hannu a kwanon gidana ba. Zai zo mu gaisa, a kawo abinci, ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Ban taɓa tambayarsa ba, don ina tsoron amsar. Ina so ya ci kafin in bar Kano, ko loma ɗaya ce."

A zatonsa maganar yanka ce da tukwane. Ya ce a sayo rago Musulmi ya yanka, a kuma sayo sababbin tukwane. Na ce za a yi. Amma dattijon ya ba ni tausayi ƙwarai, kuma ni ba na son zaɓa wa mutum abinci ban san shi ba. Washegari na hau adaidaita sai Kwaciri. Matar Alhaji Modu, Hajiya Falmata, ita ke sayar mana da turaren wuta in muna da biki, ga kuma wasan Fulani da Barebari a tsakaninmu, don haka ban yi wani kewaye-kewaye ba.

Sai da ta yi dariya har da riƙe ciki. "Yanka? Ai mahaucinmu ɗaya da su, Alhaji ya sani sarai. Ke Bafillatana, ku da kuke taƙama da kunya, wannan ma sai an karanta miki?"

"Hajiya, karanta mini, yau ni ce ɗalibar."

"Alhaji ba ya cin abinci a gaban mata da yara. Haka ya taso ya ga mahaifinsa. Ni da na haifa masa 'ya'ya, in na ajiye kwano fita nake yi. To a gidan Malam Yohanna kan tebur ake ci, Saratu na zaune, 'yan mata na kansa suna Baba ƙara, Baba ƙara. Ya sha dawowa da yunwa yana ba ni labarin ƙamshin miyarta."

"To me ya hana shi faɗa?"

"Ya ce wa mutum tashi matarka daga teburinka? Ai ya gwammace ya kwana da yunwa."

A hanyar dawowa na gane cewa duk rumfunan da na zaɓa a buɗe suke ta ko'ina, unguwa guda za ta zuba masa ido. Ko raguna goma aka yanka, haka zai tashi ya tafi. Na koma ma'ajiyarmu na fito da ƙaramar rumfa mai labule ta kowane gefe, wadda muke kafa wa amare su gyara kwalliya. Na haɗa da kafet da tum-tum biyu na jingina, da buta da tasar wanke hannu, da ƙaramar fanka. Abinci kuwa na ce ba daga tukunyarmu ba. Mama Saratu ce za ta tuƙa tuwon acca irin na garinsu da miyar karkashi, tunda ban taɓa ganin Babarbaren da ya juya wa karkashi baya ba.

Manaja ya ɗaga gira. "Uwani, kamfanin girki ne zai ce wa uwar gida ta shiga kicin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abincin gidansa Baba yake so abokinsa ya ci, namu kuwa ko a Bata zai iya saye." Ya ce in je, amma in ta ɓaci kada in ambaci sunansa.

Anti Rifkatu ce ta fi tayar da jijiyar wuya, kuma tana da gaskiyarta. Ta ce mutane za su ce an ware Musulmi an kai shi lungu, ita kuma ba za a yi wannan a taron mahaifinta ba. Na kwashe wa Baba Yohanna abin da Hajiya ta faɗa. Sai ya share ido da bakin rigarsa ya ce, "Ashe ni na riƙa korarsa ban sani ba. Rifkatu, ba ware shi za a yi ba. Tare za mu shiga."

Ranar taro an yi zafi na fitar hankali, ƙanƙara tana narkewa muna ƙarawa. Mun kafa ƙaramar rumfar a gindin darbejiya, muka ɗage labulen da ke kallon katanga don iska ta shiga. Alhaji Modu ya iso bayan la'asar, dogo, da farar babbar riga, aka zaunar da shi a sahun gaba. Kafin a gama jawabai na shiga na ajiye tuwon da miyar na rufe da faifai na fito, don ni ma mace ce, bai kamata ya same ni ciki ba.

Ana fara raba faranti sai na ga Alhaji yana tattara hannun rigarsa yana laluben takalmi da ƙafa. Na san tafiya zai yi. Baba Yohanna ya dogara sandarsa ya ƙarasa wurinsa, ya kama hannunsa ya raɗa masa wata magana. Alhaji ya dubi rumfar, ya dubi Baba, sannan ya bi shi. Suka cire takalma suka shiga, labule ya sauka.

Na tsaya a bakin wurin na ba rumfar baya. Mai ɗaukar hoto ya taho da saurinsa, na ce masa in ya taɓa labulen nan sai na sa kyamararsa a kular zoɓo. Mama Saratu tana gefena tana ta murza bakin zanenta. Ba ma jin komai daga ciki sai ƙarar fanka. Ta ce, "'Yata, ko gishiri ya yi yawa?" Na ce, "Mama, ki yi haƙuri dai."

Can sai labulen ya motsa. Hannun Baba Yohanna ya leƙo riƙe da kwanon miya, an suɗe shi tas, yatsunsa duk yauƙi.

"Saratu, akwai sauran miya?"

Sai muryar Alhaji daga ciki: "A haɗo da tuwon, Malam, kada a yi mana rowa."

Wallahi Mama Saratu da gudu ta shiga gida, kamar 'yar yarinya. Ni kuwa na tsaya ina murmushi ni kaɗai, daɗi ya cika ni, har Anti Rifkatu ta zo ta rungume ni.

Abin da ranar ta koya mini shi nake gaya wa duk wadda aka ba tsara taro. Zaɓen rumfa da kujera da abin da zai jure rana, wannan kowa zai iya koya. Amma kusan kowane taro akwai mutum ɗaya da aka yi shi dominsa, kuma ba lallai a faɗa miki a ofis ba. Ki neme shi, ki tambayi wanda ya san shi. Mutanenmu suna da kara, sukan haɗiye abu shekara da shekaru don kada su ɓata wa juna rai.

Gab da magariba jama'a suka watse, masu kafa rumfa suka fara kwance kaya suna lodawa a mota. Da suka nufi ƙaramar rumfar sai Baba Yohanna ya ɗaga labule ya leƙo.

"Malama Uwani, wannan ku bar ta sai gobe. Ba mu gama hira ba."