Kaskon Turare a Ƙarƙashin Fiffike

Shekara uku ina tuƙa kafilina, Balaraben da nake wa aiki, daga unguwar Abhur zuwa wani fili a hamada, inda shi da abokansa suke da kulob na jirage marasa inji. Wani jirgi ne yake jan su da igiya, ya sake su a sama, iska ta riƙe su. Akwai wani tsohon jirgi a cikinsu, ya girme ni nesa ba kusa ba, jikinsa katako ne da yadin da aka shafe da fenti. Sau ɗaya a shekara ake fito da shi. Ni ke goge shi, ni ke riƙe fiffikensa in yi ta gudu kamar mahaukaci har ya ɗaga. A shekara ta uku kafilin ya ce halas, magana ta ƙare, bana kujerar baya ta jirgin tawa ce.

Bakina da ba ya shiru, na gaya wa Inna. Ta ce sai ta bi ni. Na ɗauko ta daga unguwarmu ta Madain Fahd da wata jaka da ban tambayi abin da ke ciki ba. Kaico!

Ina can ana ɗaura mini laimar sauka, sai na ji ƙamshin gidanmu a tsakiyar hamada. Na waiwaya. Ga Inna tsugune ƙarƙashin fiffike da kasko, garwashi ja wur, tana turara jirgin kamar ɗakin amarya, tana tofa addu'a.

Shugaban kulob ɗin ya kurma ihu. Mutane suka yi kanta a guje, ɗaya ya juye mata robar ruwa a kasko. Fentin nan fa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Jirgi bai ƙone ba, amma kafilina ya kwance mini laimar da hannunsa ya ce, "Yalla, kai ta gida." Wani likita ne ya hau kujerata. Ina kallo a madubin mota jirgin ya ɗaga.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna! Ba ki san abin nan yana kama wuta ba?"

Ta matse bakin mayafinta da ya jiƙe.

Ta ce, "Shekara talatin na zauna da kafinta, ubanka. Ni za ka gaya wa katako da fenti? Kalli hanya. Kai kaɗai ka rage mini."