Malama Stoyanka da Yaro Mai Cizo

A garin Lovech, in ka tare wani magidanci ka tambaye shi wa ya koya masa riƙe cokali, da wuya bai ce maka Malama Stoyanka ba. Direbobin bas, mai kantin magani, har ɗan sandan da ke tsayuwa bakin gada, duk ta hannunta suka bi a makarantar renon yara da ke bayan kasuwa. Gajeruwar mace ce kakkaura mai babbar murya. Ba ta taɓa ɗaga hannu kan ɗan kowa ba, kallo ɗaya ta saman tabarau ya wadatar. Idan aka kawo yaron da ya gagari gidansu, shugabar makarantar ba ta dogon tunani, sai ta ce a kai shi ajin Stoyanka.

Haka aka kawo mata Yavor, ɗan shekara huɗu, siriri mai manyan idanu. Iyayensa suna can ƙasar Sifen suna aikin gona, kakarsa Tsonka ke riƙonsa. A makonsa na farko ya ciji yara uku, ya kifar da tukunyar miyar wake, ya shige ƙarƙashin tebur yana gurnani. Da Stoyanka ta miƙa hannu za ta jawo shi, ya kafa mata haƙora a tsintsiyar hannu har jini ya fito.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa, duk da gwiwar da ke damunta, ta ce, "Ka ji mini ciwo, Yavor. Haƙori na burodi ne, ba na mutane ba. Ina nan har ka fito."

Tun daga kaka har tsakiyar sanyi tana fama da shi. Ta lura cizon yakan zo ne in an katse masa wasa ba shiri, sai ta riƙa raɗa masa tun da wuri cewa an kusa cin abinci. Ta shimfiɗa masa bargo a lungu, inda zai je ya huce in ransa ya ɓaci. Takan ajiye karas a aljihu, da ta ga ya fara cije leɓe sai ta miƙa masa. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne yamma, lokacin da uwaye ke zuwa ɗaukar 'ya'yansu, don haka sai ta ba shi aikin shayar da furannin taga, bayansa na kallon ƙofa. Cizon ya ragu, jifa ta ragu. Amma ko sau ɗaya bai taɓa yi mata murmushi ba.

Bayan sabuwar shekara, abokiyar aikinta ta yi ritaya, aka kawo wata sabuwa, Boyana, yarinya doguwa da ta gama karatu ba da jimawa ba. Malamai biyu ke riƙe aji, ɗaya safe ɗaya yamma, suna haɗuwa lokacin abincin rana. Kwana kaɗan da zuwanta, Stoyanka ta shigo ta tarar da Yavor zaune a cinyar Boyana yana wasa da gashinta, yana ƙyalƙyala dariya. Ba ta ma san yaron yana da wushirya ba sai ranar.

"Me kika yi masa?" ta tambaya.

"Wallahi ba komai, Malama. Shi ya zo da kansa. Ai yaron ba shi da matsala, so kawai yake buƙata."

Maganar nan ta soki Stoyanka. So kawai! Ita da ta yi wata da watanni tana jan gwiwa a ƙasa, me take ba shi, barkono?

Abin bai tsaya nan ba. Iyayen yara suka fara cewa sabuwar malama ta gyara mai cizo. Kaka Tsonka ta zo da kwalbar zuma daga ƙauye, ta wuce Stoyanka a bakin ƙofa da gaisuwa, ta danƙa wa Boyana. A taron malamai shugaba ta yaba da sabon jini. Boyana kuwa da bargon lungu take aiki, da karas, da shayar da furanni, ba ta kuma ɓoye cewa a wurin Stoyanka ta gani ba, sai dai ba wanda ya saurari wannan ɓangaren.

A gida Stoyanka ta riƙa buga tukwane. Mijinta Petko, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya leƙo ta saman jarida.

"Stoyanka, wai kishi kike da sa'ar 'yarki?"

"Kishin me? Ni na yi noma, wata ta zo da buhu."

"To yaron ya daina cizo ko bai daina ba?"

"Ci abincinka, tsoho, kafin in koyi cizon ni ma."

Da watan Maris ya kama aka fara shirin bikin ranar mata, wanda yara ke yi wa uwayensu waƙa, su miƙa musu furen takarda. Boyana ta zo da murnarta, ta ce tana so Yavor ya tsaya a gaba ya buɗe waƙar, kowa ya ga yadda ya canza.

"Ya kika gani, Malama?"

Stoyanka ta san abin da ɗaki cike da uwayen wasu zai yi wa yaron. Ta san kamata ya yi a zaunar da shi kusa da kakarsa, a gefe, inda zai iya fita. Maganar ta zo mata har baki. Sai ta dubi fuskar yarinyar tana sheƙi, ta gyara tabarau.

"Ai yaronki ne. Ke kika san shi."

Ranar biki ɗakin ya cika da turare da wayoyi a sama. Yavor ya fito da farar riga, furensa a hannu. Ya bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ƙarshen layi, ya sake dawowa. Mai piyano ta fara kiɗa, bai buɗe baki ba. Boyana ta durƙusa ta taɓa kafaɗarsa, sai ya juya ya cije ta a hannu, ya yage furen, ya hankaɗe yarinyar da ke kusa da shi ta faɗi kan kujera. Uwar yarinyar ta zabura tana faɗa. Boyana ta tsaya riƙe da hannu, hawaye na zuba, ta rasa ta ina za ta fara.

Stoyanka ta ratsa mutane ta sunkuce shi ta fita da shi. Da ta juya ta ga duk idanu a kanta, wani daɗi ya ratsa ta, ba ta kuma hana kanta jinsa ba. A ɗakin barcin yara ta zauna ta rungume shi ta baya yana shure-shure, tana cewa, "Na sani, ɗana. Mama ba ta zo ba. Na sani." A hankali jikinsa ya saki, kukan ya koma shessheƙa. Ya ɗago jajayen idanu ya dube ta.

"Ina Malama Boyana? Ita nake so."

Stoyanka ta sake shi. Sannan ta tashi da ƙyar, ta leƙa ta kira ta.

Boyana ta so barin aiki bayan wannan, Stoyanka ce ta hana ta. "Cizo ɗaya za ki gudu? Wanke fuskarki, 'yar nan, gobe ke ce da safe." Daga ranar ta riƙa gaya mata abubuwa tun kafin ta tambaya, cikin faɗa-faɗa. Yarinyar ta ɗauka duk alheri ne, tana ta godiya, godiyar kuma na ƙara ƙona wa Stoyanka rai.

Da bazara uwar Yavor ta zo ta tafi da shi Sifen. Stoyanka ta ci gaba da aiki har ta yi ritaya, aka yi mata walima, Boyana ta yi jawabi har da kuka.

Wata Asabar a kasuwa ta haɗu da Kaka Tsonka wajen masu tattasai. Tsohuwar ta ciro waya ta nuna mata Yavor, ya yi tsawo, yana makaranta, ba ya faɗa da kowa.

"Kullum sai ya tambayi Malama Boyana. Ke ma yana tuna ki, yakan ce ina ɗayar nan mai karas."

"Ki gaishe shi," in ji Stoyanka.

Ta juya kan mai tattasai, ta ce duk kayansa sun yaushe, ta tsaya tana zaɓa ɗaya-ɗaya har mutanen da ke bayanta suka fara tsaki.