Malam Bashari, wanda aka ƙwace wa ɗaki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita zuwa unguwar Darrasa labarin ya iske ni: Malam Bashari ya rasu.

Zuciyata ba ta yi sanyi ba, don haka ku yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne yake tara sababbin ɗalibanmu da suka zo karatu nan ƙasar waje masu fama da Larabci, ya raba su ƙananan rukuni don su yi muraja'a, wato bitar karatu, tare. Ba ya haɗa 'yan gari ɗaya. Ni Bakano, sai ya jefa ni cikin wani Bamaraɗe, da ɗan Jos, da Bahaushen Sudan.

Ranar farko ba a buɗe littafi. Tukunya yake miƙo muku ya ce, "Yalla, ku dafa ku ci a tire ɗaya." Shi kuwa yana gefe yana kallo. Nan yake gane mai son shugabanci, da mai kunya, da wanda ake bar wa wanke-wanke. Mai kunyar nan shi zai riƙa yi wa tambaya, kuma in ya kasa, duk rukunin ne ya kasa. Dole ka zauna ka koya wa ɗan'uwanka.

Ni ne mai kunyar rukuninmu. Da hannunsa ya gyara mini riƙon alƙalami, bai taɓa yi mini dariya ba.

To, sai wasu manyan ɗalibai suka kai ƙara wai masu rauni suna jan su baya. Kwamitinmu na ɗalibai ya karɓe ɗakin da yake amfani da shi, aka mayar da shi wurin lacca, mutum ɗaya da makirufo, saura suna gyangyaɗi. Malam bai yi musu ba. "Ma'alish," kawai ya ce, wato ba komai, ya koma da karatun saman benen gidansu, cikin rana da hayaniyar tattabaru.

Yau waɗannan mutanen ne suka cika status da hotonsa, har da "babban rashi". Wallahi abin ya ƙona mini rai. Da yana raye wa ya hau benen nan ya gaishe shi?

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Ataba ce. Ya rame, yana haki, amma zancensa ɗaya ne: Idrisa. Wani ɗalibi ne ɗan Sudan da ya faɗi jarrabawa a baya, in ya sake faɗuwa an cire shi daga tallafin karatu, kuma ba shi da gidan komawa saboda yaƙi. Malam ya riƙe hannuna ya ce, "Ya kusa tsallakewa, Auwalu. Kada rukuninsa ya watse."

Jarrabawar mako mai zuwa ce. Ɗazu na tambaya a group ɗinmu na WhatsApp, wa zai taimaka mu riƙe rukunin Idrisa? Kowa ya karanta. Har yanzu shiru.

Bayan mun dawo daga maƙabarta Idrisa ya tsayar da ni, idonsa jajur, ya ce, "Yaya, ranar Asabar mu zo muraja'a, ko halas, shi ke nan?"

Na ce su zo. Ban san rabin abin da Malam ya sani ba, amma su zo.

Allah Ya jiƙan Malam Bashari, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ya haɗa da Idrisa.