Yadda Na Kai Tsoho da Kukumarsa Gusau

Tsafe

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da kakana Malam Ɗanjuma, wanda ba na kiransa da komai sai Tsoho. Makaɗin kukuma ne. Tun da rashin tsaro ya hana bukukuwa a ƙauyukanmu, aka kuma kashe wasu abokan kiɗansa, Tsoho bai sake taɓa tsirkiya ba. Da wasu matasan mawaƙa suka gayyace shi taron waƙa da kiɗa a Gusau, ni na matsa masa ya je. Tsorona ɗaya: in ya je ya kasa, ya bar kiɗa ke nan har abada.

A tasha direba ya so cusa kukumar a but, tsakanin buhunan barkono. Tsoho ya ce, "Ɗiyarka za ka aza can?" Aka bar masa ita a cinya.

Kwatarkwashi

Rana na leƙowa ta bayan duwatsu muka iso shingen sojoji. Ɗaya ya leƙo, ya ga abu a naɗe cikin zane, ya ce a buɗe. Da ya ga kukuma ce sai ya yi dariya.

"Baba, a ɗan taɓa mana."

"Barci takai," in ji Tsoho, ya mayar da zanen.

A gefen hanya kuwa dawa ta yi kore shar, gonakin da aka guje wa bara bana an shuka su.

Bungudu

A Gusau muka karya da koko da ƙosai, muka canja mota zuwa Bungudu, gidan su Hafsatu, malamar asibiti mai rubuta waƙa, wadda aka haɗa ta da Tsoho don ya yi mata kiɗa a taron. Mahaifiyarta ta tarbe mu da hoce da fura mai sanyi. Hafsatu ta tsaya a zaure ta karanta waƙarta. Irin ta zamani ce, wadda ake faɗa kamar magana, ba rerawa. Tsoho ya saurara har ƙarshe.

"To, ina amshin?"

"Baba, ba ta da amshi."

"Waƙa ba amshi? Ɗiyata, ta ina za ni shiga?"

A wurinsu Tsoho, mawaƙi ya yi baiti, 'yan amshi su karɓa, nan kukuma ke samun ƙofa. Hafsatu ta maimaita sau da yawa, shi ko izgar goga kukumar bai ɗaga ba. Na ce, "Tsoho, ko dai tsufa ne?" Ya ce in tsufa ne, ai ni ma ga furfura nan tana yi mini sallama. Aka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba.

Gusau

Bayan la'asar aka fara taron a farfajiyar wata makaranta, don kowa ya koma gida da ido. An cika maƙil: ɗalibai, 'yan kasuwa, direbobin tasha, mata a gefe guda. Wani saurayi ya yi waƙa da jita, wasu biyu suka yi ta gambarar zamani da kalangu, har wani Alhaji ya manta girmansa yana kaɗa kai.

Aka kira Hafsatu. Tsoho ya zauna a tabarma kusa da ita, kukuma a cinya, kai a sunkuye. Ta fara, tana ba da labarin ranar da mahaifiyarta ta koma gonar da suka gudu suka bari, ta tarar da kukar bakin gona tana nan. Tsoho bai taɓa tsirkiya ba.

Ta dakata ta ja numfashi. Sai wata dattijuwa daga cikin mata ta ce, "Haka na." Hafsatu ta ƙara layi, wani direba ya ce, "Wallahi haka na." Kafin baiti na gaba, rabin wurin ne ke faɗa tare, don kusan kowa a nan yana da gonar da ya bari.

Na ga Tsoho ya ɗago kai. Da suka sake cewa "haka na", kukuma ta shiga a kan muryarsu, siririya, tana ɗan rawa da fari, sannan ta miƙe. Hafsatu ta faɗa, jama'a su karɓa, Tsoho ya bi. Ban ɓoye ba, na yi hawaye, kuma na farin ciki ne.

Da aka tashi ya ce wa Hafsatu, "Ke kin ce ba ta da amshi. Ga shi nan wurin mutane kin baro shi."

Gida

Mun kwana gidan wani abokina a Gusau, da hantsi muka sauka Tsafe lafiya. Ina godiya ga Allah da ya tsare hanya, da su Hafsatu, da dattijuwar nan da ban ma san sunanta ba.

Kakata Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ni ta kalla, ba shi ba, tana jin tsoron tambaya. Tsoho ya cire takalmi ya ce, "Aika a kira min Audu mai kalangu, in yana da rai ya taho da maraice."

Inna ta ajiye rariya, ta share ido da bakin zane, ta ɗauki mayafi ta tafi da kanta.