Karatun Turanci a Rumfar Doya

Jiya a Bawku ina koya wa ɗalibaina ƙananan kalmomin Turanci, masu nufin “shi”, “ita” da “cikin”, sai ƙamshin gasasshiyar doya ya shigo aji. Nan take na tuna kakana.

A rumfarsa ta doya a Salaga, kullum bayan la'asar nakan karanta masa darasina da ƙarfi. Yana tauna goro, ido a lumshe. Da na soma sauri sai ya ce, “Jikalle, sake! Kar ki haɗiye ƙananan, ai igiya ce ke riƙe kaya.”

Sai bayan rasuwarsa, ranar sadakar bakwai, Inna ta gaya mini ko kalma ɗaya ta Turanci ba ya ji.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya ba shi ladan kowace kalmar da ya saurara.