Kwanon da Na Mayar wa Maryama Wayam

Wannan tafiya ta faru damina biyu bayan rasuwar mijina Malam, shekarar da katangar gidanmu ta gabas ta zube, wato shekarar da Amurkawa suka zaɓi baƙar fata ya shugabance su. Ni ban yi boko ba. Ni nake faɗa ana rubutawa, amma abin da idona ya gani ba mai gyara min shi. Autata Balaraba ce ta haihu a can Amurka, mijinta Injiniya ya aiko in je in yi mata wankan jego.

Kano zuwa Abuja

Ana sallame sallar asuba, ƙarfe biyar da rabi, muka bar Ƙofar Na'isa. Mun karya a Zariya da ƙosai da koko. Tsakanin Kaduna da Abuja sau shida 'yan sanda suka tare mu. Na ƙarshen ya ɗaga jakata ya sunsuna.

"Mama, mene ne wannan?"

"Daddawa ce da kanwa, ɗan nan. Za ka ci ne?"

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Ƙarfe ɗaya muka shiga Abuja. Direba ya ce kilomita ɗari huɗu da ɗoriya muka ci. Jirgi ya sauke mu a Jamus, muka yi zaman awa biyar, wani ya ɗauke mu awa takwas a kan ruwa. Ban ci komai nasu ba sai shayi.

Gaithersburg

La'asar sakaliya muka sauka. Injiniya ya zo da riga mai nauyin bargo ya durƙusa ya gaishe ni a gaban Turawa, na ji daɗin wannan. Minti arba'in da biyar a mota sai ga mu a wani dogon bene, hawa na uku.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce, sa'ata, gajeriya mai farin gashi. Sunanta Miriyam, ni kuwa na mayar da ita Maryama. A jikin ƙofarta akwai wani ɗan ƙaramin abu an kafe da ƙusa biyu, kullum sai ta shafa shi in za ta shiga. Na ce a raina, wannan mai laya ce, ta san Allah.

Ranar da aka yi walimar jaririya na zuba waina a samirata na kai mata. Washegari ta dawo da kwanon a wanke, wayam. Na yi dariya har da tafa hannu, na kira Balaraba.

"Gaya mata, a wurinmu kwano ba ya komawa ba komai. Ko ƙwayar gyaɗa ce a saka. Ranar da kika ga ya dawo wayam, to an yanke zumunci."

Maryama ta dafe ƙirji, ta fizge kwanon ta koma ciki. Ta fito da shi da wani burodi mai kitso kamar kan budurwa. Tun daga ranar, duk Juma'a shuɗin kwanonta zai zo da burodi, ya koma da funkaso ko dambu. Ba ta taɓa nama, na lura, sai na daina saka mata. Ba na jin harshenta, ba ta jin nawa, amma mukan zauna awa guda tana nuna min hotunan matattunta ina nuna mata na Malam. Ranar da ƙanƙara ta fara zuba, ita ta riƙe hannuna muka sauka na taka.

Cikin Washington

Wata biyu da zuwana yaƙi ya ɓarke a Gaza. Talabijin ba ya nuna komai sai yara a naɗe cikin farin ƙyalle. Ina goye da jikata ina kallo, abinci ya ƙi shiga.

Wata Asabar Injiniya ya ce za a taru a cikin gari a nuna baƙin ciki. Na ce ko a kafaɗa ne sai an kai ni. Ƙarfe goma muka hau jirgin ƙasan nan mai nutsewa ƙarƙashin ƙasa, minti arba'in muka fito. Taro kamar na Idi. Kusa da mu wani dattijo ne da 'yar ƙaramar hula a tsakar kai, yana ɗaga allo. Sai wani ƙato ya zo ya tofa masa yawu a riga. Injiniya ya shiga tsakani yana faɗa da Turanci.

"Me ya yi masa?" na tambaya.

"Hajiya, Bayahude ne, amma tare yake da mu. Addininsu daban, siyasar kafa ƙasar da ake kira sahayoniyanci daban. Gwamnatin da ke jefa bama-bamai muka zo tsinewa."

Na ji shi. Amma da yamma abokansa suka cika falo, ina jin su daga kicin. Ɗaya ya ce, "Bar batun nan, Injiniya, duk jirgi ɗaya ya kwaso su." Wani ya ce su ne ke riƙe da duniya a aljihu. Injiniya ya yi musu sau biyu, ya gaji ya ƙyale su. Ana cikin haka Balaraba ta ce min, "Ai ƙawar taki ma Bayahudiya ce, Hajiya. 'Ya'yan ƙanwarta ma can ƙasar da ke jefa bama-baman suke."

Shuɗin kwanon yana kan tebur tun Juma'a. Ba wanda ya sa ni. Na wanke shi tas, na rufe shi wayam, na ƙwanƙwasa mata da kaina. Ta buɗe da murmushi, ta ɗaga murfin. Ta daɗe tana kallon cikinsa. Idonta a kumbure yake, talabijin ɗinta na nuna abin da namu ke nunawa. Su wa take yi wa kuka, ban tambaya ba. Ta rufe ƙofa a hankali.

Bayan mako uku wani marar tsoron Allah ya ɓamɓare layar ƙofarta, ya yi mata wani zanen cin mutunci a ƙofar da baƙin fenti. Har yau ba a san ko wane ne ba. Ɗanta ya zo ya kwashe ta. Ina leƙe ta ramin ƙofa, ta wuce ba ta waiwayo ba. Abin da ya rage ramin ƙusa biyu.

Gidan tsofaffi

Saura kwana biyar in taho na ce wa Balaraba ta nemo min inda take. Gidan tsofaffi ne a arewa maso yammacin Washington, wajen ofisoshin jakadanci. Na toya waina na cika samirata. Wani ɗan Nijar, Malam Isufu, ya ɗauke mu a tasi ƙarfe tara na safe. Na ba shi labari a hanya.

"Hajiya, ita ta tuƙa jirgin yaƙin?"

"A'a."

"To wallahi kin yi ta'asa."

Matar da ke bakin ƙofa ta buga waya sama, ta saurara, ta ce wa Balaraba tsohuwar ba ta ganin baƙi yau. Mun zauna awa biyu a kan kujerar roba. Na bar kwanon na ce a kai mata.

Ana gobe zan tashi Malam Isufu ya biya ya karɓo shi. Tun daga nauyinsa na sani. Na buɗe duk da haka. A wanke yake tas. Ko ita ce ta rama, ko ma'aikatan da ba su san al'adar ba suka wanke suka ajiye, Allah ne masani.

Komowa

Hanyar da na bi ita na biyo, Jamus, Abuja, Zariya. Bayan magariba muka shiga Kano, zafi ya tarbe ni. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Injiniya da Malam Isufu. Mata sun cika gida suna tambayar Amurka. Da na ambaci Maryama, maƙwabciyata ta ce, "Bayahudiya? Kin ci abincinta?"

Kukan yaran Gaza har gobe yana kunnena, ban janye tsinuwata ga wanda ya kashe su ba. Amma ba a kansa fushina ya sauka ba. A kan tsohuwar da ta riƙe hannuna a ƙanƙara ya sauka.

Daga mutanen wannan tafiya, Injiniya da Balaraba suna nan, jaririyar ta shiga makaranta, da Turanci take amsa min a waya. Malam Isufu ya koma Maraɗi, an ce yana raye. Maryama kuwa damina biyu bayan dawowata Balaraba ta bugo ta ce ta rasu. Saura ni, sai samirar, tana kan kabad ɗina a rufe. Ban sake zuba komai a cikinta ba.