Ranar da Na Goya Zomo

Shekarun baya, shekarar da damina ta ƙi kuma sojoji ke riƙe da ƙasa, ina aji uku a kolej a Mayahi, na koma ƙauyenmu hutu. Yayata ta haihu kwana biyar, nono ya ƙi zuwa. To ina zai zo? Tafasa da dusa take ci. Jaririn har kuka ya fara gagararsa.

Ni ban iya zaman tagumi ba. Na kwance zaren buhu na ɗana tarko a fadama, inda 'yar ɗanyar ciyawa ta rage, zomaye na zuwa kiwo. Rana ta biyu ya kama zomo ɗaya. Sai dai a wurinmu mace ba ta yanka, dole in kai shi da rai wajen mahaifina. Ga shi an yi shela an hana farauta, wanda aka kama sai gidan kaso a Mayahi.

Na ɗaure ƙafafunsa, na goya shi da zane, na lulluɓa mayafi.

Ina fitowa fadama na ji ƙarar moto, wato babur. Ma'aikacin gandun daji ne, dattijo, da kakinsa da bindiga. Ya tsaya daidai gabana.

"Ɗiyata, daga ina da rana tsaka?"

"Ɗibar ganye, Baba."

"Ina ganyen?"

"Ban samu ba."

Sai zomo ya harbe ni a ƙugu. Na shiga jijjiga shi ina "yi shiru, yi shiru", abin da ko motsin baki bai yi ba.

"Naki ne?"

"Na yayata ne. Ba ta da nono."

Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon bayana, gumi na bin ƙafafuna. Sai ya tada moto.

"Rufe masa kunnuwa, sun fito. Kuma ki bi ta bayan gari, abokin aikina na kan hanya."

Da yamma yayata ta sha romo. Ko romon ne, ko Allah ne ya dube mu, nono dai ya zo.

Yaron yanzu ya fi ni tsawo. Dattijon kuwa ko sunansa ban sani ba. Har yau ina da saurin yanke wa mutum hukunci daga ganin rigarsa, amma duk lokacin da na ɗauko, sai in tuna kunnuwan nan.